Lambobi shida, gumin wata guda

Jama'ar Cadakori, na gida da na ci-rani. Yau kam ba da daɗin baki muka zo ba.

Ɓarawon yanzu ba ya haura katanga, kira yake: "Baba, yi haƙuri, saƙona ne ya faɗo wayarka, karanto mini lambobin nan shida." Baba na karantowa, WhatsApp ɗinsa ya koma hannun ɓarawo. Kafin la'asar an rubuta ma ɗansa da ke Agadas ko Libiya da sunansa: ba lafiya, turo jikka 30 maza. Gumin wata guda ya tafi.

Sai mu taru a fada muna dariya, wai tsoho ya yi wauta. Wautar wa? Mu da muka yi lakwal, muka iya faransanci, mu ke buɗe masu WhatsApp ɗin, mu miƙa waya mu wuce. Wa ya taɓa tsayawa minti biyu ya sa masu makulli?

Makullin kuwa kyauta ne: Paramètres, Compte, Vérification en deux étapes, a sa lambar sirri. Ku gaya masu lambobin da suka zo ta SMS ba a ba kowa, ko da ya ce daga kamfani yake. In an riga an sace, a sake shigar da lambar wayar, sabon kod ya zo, a kori ɓarawo.

Ku kuma 'yan ci-rani, kada ku tura ko dala sai kun kira kun ji murya.

Wanda ya karanta, don Allah ya karanta ma iyayensa yau.