Na'ura ta kawo sauti, harshen fa wa zai kawo?

Kullum da asuba, kafin a ɗora ruwan koko, akwai wani aiki da ya zama mana tamkar farilla a gida. Ana ciro wata 'yar na'ura daga akwatin da take kwana a ciki don ta bushe, a sa mata batir, a duba ko fitilarta ta kama, sannan a rataya ta a bayan kunnen 'yarmu mai shekara 4. Sai a kai ɗan faifan da ke haɗe da ita gefen kanta, maganaɗisu ya ja shi ya manne. Daga wannan lokaci ne carar zakara, da hayaniyar Aboabo, da muryar kakarta suke shiga duniyarta. Kafin nan kuwa, ko tambari aka buga a ƙofar ɗaki ba za ta waiwayo ba.

Maƙwabta idan suka ji ta ce "Inna", sai su ɗaga hannu su ce, "Alhamdu lillahi, ta warke." Mukan amsa da amin, domin fatan alheri ne. Amma a nan, tsakaninmu 'yan zango, gara mu faɗi gaskiya: ba ta warke ba, kuma ba za ta warke ba. Kurma ce mai na'ura. Mun daɗe kafin bakinmu ya iya furta wannan magana ba tare da zuciya ta karye ba, kuma sai da muka iya furta ta sannan muka fara yi mata abin da ya dace.

A can cikin kunne akwai wani ɗan ƙashi mai siffar katantanwa, cike da ruwa da wasu ƙwayoyin halitta masu gashi siriri, waɗanda ke mayar da motsin sauti ya zama saƙon da jijiyar ji take kai wa ƙwaƙwalwa. Idan waɗannan ƙwayoyi suka mutu, ba sa sake tsirowa. Na'urar ƙara ji da aka saba gani tana ƙara ƙarfin sauti ne kawai, kuma ba ta da amfani ga kunnen da babu mai karɓar saƙon a cikinsa. Dashen na'ura dabam yake. Likita yana yin tiyata, ya binne wani ɓangare a ƙarƙashin fatar kai, ya zura wata siririyar waya cikin katantanwar. Ɓangaren waje ya ɗauki sauti, ya mayar da shi lantarki, ya aika ta cikin fata, wayar kuma ta taɓa jijiyar kai tsaye. Aikin da dubban ƙwayoyi ke yi a lafiyayyen kunne, ɗigo 12 zuwa 22 ne ke ƙoƙarin yin sa a jikin wannan waya. Ilimi ne mai ban mamaki, wanda ya ɗauki shekaru: an yi gwajin farko a Faransa a 1957, William House ya ci gaba da shi a Amurka daga 1961, Graeme Clark kuma ya dasa mai hanyoyi da yawa a Ostareliya a 1978. Amurka ba ta amince a dasa irin wannan wa yara ba sai a 1990. Duk da haka, sautin da na'urar ke bayarwa ba irin wanda ni da kai muke ji ba ne. Ƙwaƙwalwar yaro ce ke koyon fassara shi a hankali, wata da watanni.

Ranar da aka kunna mata, makonni kaɗan bayan tiyata, ba ta yi murmushin da ake gani a bidiyon intanet ba. Kuka ta fashe da shi, ta fizge faifan ta jefar. Sai da muka yi kusan wata guda ana mannawa tana cirewa.

Ba mu gane kurma ce ba sai da ta wuce shekara ɗaya da rabi. Duk lokacin da uwarta ta nuna damuwa, sai manya su ce, "Nauyin baki ne, ubanta ma sai da ya shekara uku." Masana sun ce kamata ya yi a gwada jin jariri kafin ya cika wata 1, a tabbatar da matsalar kafin wata 3, a fara taimaka masa kafin wata 6. Mu mun yi asarar watanni masu yawa a wurin jira, da wasu kuma a wurin tara kuɗi, domin abu ne na dubun-dubatar daloli, wanda ba don gudummawar dangi na gida da na ƙetare da jama'ar masallaci ba, ko kusa ba za mu kai gare shi ba. Ga wanda sanƙarau ya taɓa jin ɗansa kuwa, gaggawar ta fi haka, domin bayan wannan ciwo katantanwar takan fara cikewa da ƙashi, har wayar ta rasa hanyar shiga. A yi addu'a, a sha rubutu, amma a yi su a kan hanyar asibiti.

Ba wannan ne ya sa muka ɗauki alƙalami ba. Abin da ya sa shi ne shawara biyu da aka ba mu bayan an kunna na'urar, wadda muka san ana ba wasu iyaye irinta. Ta farko: ku daina yi mata magana da hannu, kada ta yi ƙyuya ta ƙi saurare. Ta biyu: ku zaɓi harshe ɗaya, kuma tunda da Turanci za ta yi makaranta, ku zaɓi Turanci.

Wadda ta faɗa mana haka ba muguwa ba ce, kuma tana da hujja. Duk kayan koyarwarta da Turanci suke, gwaje-gwajen da take auna ci gaban yaro da su da Turanci suke, ita kanta ba ta jin Hausa. Gaskiya ne kuma cewa yaro mai dashe yana bukatar sa'o'i masu yawa na saurare kowace rana. Muka bi. Wata huɗu muka yi a haka, kuma ba mu taɓa ganin gida ya yi shiru irin na waɗannan watanni ba. Kakarta, wadda ta goyi 'ya'ya da jikoki da tatsuniya da zolaya da kirari, ba ta da Turancin da ya wuce na gaisuwa, don haka sai ta koma kallon yarinyar kawai, tana shafa kanta. Uwarta tana da Turancin makaranta, amma Turancin makaranta ba shi da kalmar lallashi. Abin da ya rage a bakinmu shi ne sunayen abubuwa da umarni: wannan kofi ne, zo nan, zauna. Yarinyar da aka kashe dukiya don ta ji magana, sai ga shi ita ce aka fi yi wa rowar magana a gidan. Wata rana tsohuwar ta ce wa ɗanta, "Kai, ni dai ba zan mutu jikata ba ta san muryata ba. Ku yi Turancinku, ni zan yi abin da na iya." Ta ɗora ta a cinya ta fara yi mata tawai. Ba mu hana ta ba, kuma daga ranar muka watsar da dokar.

Ra'ayinmu shi ne, na'ura sauti take kawowa, harshe kuwa daga bakin mutane yake fitowa, kuma ba wanda ke iya zuba wa yaro harshe mai yalwa sai da harshen da yake mafarki da shi. Mai koyar da furuci tana ganin yarinyar sa'a guda a mako. Sauran sa'o'in namu ne: wajen wanka, wajen tsintar wake, a cikin mota, a layin mai ƙosai. Yaran zango tun fil azal da harshe biyu ko uku suke tashi, Hausa a gida, Tuwi a kasuwa, Turanci a aji, Larabci a makarantar allo, kuma ba wanda ya ce kansu zai fashe. Yaro mai dashe ya fi su wahala, ba mu musa ba, amma tsame shi daga harshen gidansu ba sauƙi aka yi masa ba. An mayar da shi baƙo ne a tsakar gidan ubansa. Mu da muke tsiraru a ƙasar nan mun san abin da ake nufi da yaro ya tashi bai iya gaida kakansa ba.

Akwai ma wani dalili da ya shafi Hausar kanta. Harshenmu na karin sauti ne, hawa da saukar murya suna canza ma'ana. Kukan da jariri ke yi da kukar da ake miya da ita, haruffansu ɗaya, muryar ce ta raba su. Garin da ake zaune a ciki da garin tuwo, tsawon wasali ne ya raba su. Sanannen abu ne kuma cewa hawa da saukar murya na daga cikin abubuwan da wannan na'ura ta fi rauni wajen isarwa, shi ya sa ma masu ita da yawa ba sa jin daɗin kiɗa kamar sauran mutane. To, yaron da zai rarrabe waɗannan sai ya ji su sau dubu a cikin zance, inda ma'anar jimla za ta taimaka wa kunnensa. Idan aka ce a jinkirta Hausa sai ya ƙware a Turanci, an jinkirta abin da ya fi bukatar a fara da wuri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. 'Yarmu har yanzu tana cewa "kasa" a maimakon "ƙasa", kuma ɗ da d duk ɗaya ne a wurinta. Ba ma tsawata mata. Mukan maimaita kalmar daidai a cikin amsarmu, mu wuce.

Maganar hannu kuwa, wanda ya ce a bar ta bai taɓa kwana da kurman yaro ba. Na'urar ana cire ta lokacin barci. Ana cire ta lokacin wanka, sai ga mai rigar ruwanta ta musamman. Zufar watan Maris tana shiga cikinta. Idan dumsor ya yi kwana biyu, batir mai caji ya mutu, sai an koma na saye mai lamba 675, wanda ba kowane kanti ke da shi ba. Akwai lokacin da 'yar wayar da ke haɗa faifan ta tsinke, muka yi kwana 19 muna jiran wata daga ƙetare. A waɗannan kwanaki, da ƙarfe biyun dare, yarinya ta farka da zazzaɓi, da wane harshe za ta ce cikinta ne ke ciwo? Da wane harshe za a ce mata kada ta ji tsoro? Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma ga kurma wannan ba karin magana ba ne, rayuwa ce.

Kada kuma a ɗauka maganar hannu nune-nune ne kawai. Harshe ne cikakke mai ƙa'idojinsa. A ƙasar Hausa kurame suna da tasu tun kaka da kakanni, har Constanze Schmaling ta yi nazarin ta Kano ta fitar da littafi a kanta a 2000. A nan Gana, Andrew Foster, wani kurma baƙar fata daga Amurka, ya buɗe makarantar kurame a Osu a 1957, wadda daga baya ta koma Mampong-Akuapem, kuma daga nan ne harshen hannu na ƙasar nan ya samo tushe. Ƙauyen Adamorobe ma yana da nasa na gargajiya, wanda masu ji da kurame suka daɗe suna yi tare. Tunanin cewa hannu yana kashe baki tsoho ne: a 1880 wani taron malamai a Milan ta Italiya ya yanke a kori maganar hannu daga makarantun kurame, aka yi shekaru da dama ana tilasta wa yara motsa leɓe, da yawa suka fita ba bakin ba hannun. Abin da ke cutar da ƙwaƙwalwar yaro ba yawan harsuna ba ne, rashin harshe ne a shekarun farko. Mu dai abin da muka gani da idonmu shi ne, kalmar da ta fara sani da hannu, ita ce takan riga shiga bakinta.

A nan dole mu tuhumi kanmu. Fiye da kashi 90 cikin 100 na kuramen yara iyayensu masu ji ne, kamar mu, waɗanda ba su taɓa zama da kurma ba. Alhali kuwa kurame suna nan cikinmu. Akwai wani tela a layinmu da muka shekara goma muna kai wa ɗinki, ba mu san shi da wani suna ba sai "Bebe". Ranar da muka je masa da kunya muka roƙi ya koya mana, ya dubi abin da ke kan yarinyar, ya ɗan yamutsa fuska, domin kurame da yawa suna ganin wannan na'ura a matsayin shaidar cewa ba a karɓe su yadda suke ba. Muna ganin ba su da gaskiya duka, amma ba za mu ce ba su da dalili ba. Ya karɓe mu dai, yanzu duk Asabar da la'asar muna shagonsa, kuma mun san sunansa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara kusan miliyan 34 ne ke fama da rashin ji mai tsanani a duniya. Mafi yawan waɗanda ke cikin zangunanmu, daga Nima zuwa Tamale, ba za su taɓa samun wannan dashe ba, kuma ba laifin iyayensu ba ne. Abin da muke tsoro shi ne labarin gidaje irin namu ya sa wata uwa ta zauna tana jiran kuɗin da ba za su zo ba, ɗanta yana shekara biyar ba shi da kalma ko ɗaya. Maganar hannu ba ta bukatar dala, kuma ana iya fara ta yau. Masallatanmu da ke tara gudummawar tiyata, da za su ware ko da yamma ɗaya a mako a kira kurame manya su koyar da iyaye, da an tsamo yara da yawa fiye da wanda tiyata ɗaya za ta tsamo. Malaman makarantar allo ma suna da rabo a ciki: a zaunar da irin wannan yaro gaba, inda zai ga bakin malam, domin hayaniyar ɗalibai arba'in masu karatu lokaci guda ita ce babbar abokiyar gabar na'urar.

Saura batun ɓoyewa. Wata gwaggonta ta ba da shawara a riƙa rufe abin da ɗankwali ko da a cikin gida, wai kada a saba ganinta da shi, gobe ya hana ta miji. Mun ƙi. Ban da cewa ƙyalle mai kauri yana gogar makirufo ya cika mata kunne da ƙara, ba ma so ta koyi cewa akwai abin kunya a kanta. Idan lokacin hijabi ya yi, za a nemo mai laushi a gyara masa zama.

Jiya da dare, bayan an cire na'urar an sa a akwati, an kashe fitilar ɗaki sai ta waya, ta taɓa kafaɗar kakarta. Ta nuna da hannu cewa a ƙarasa mata labarin gizo da aka fara da rana. Tsohuwar, wadda ba ta fi alama talatin ta iya ba, ta gyara zama, ta kawo hasken kusa da fuskarta, ta fara da yatsunta masu amosani. Inda ta kuskure, yarinyar ta kama hannunta ta gyara mata.