A Ba Yara Gari Su Riƙe

A birnin Munik na ƙasar Jamus akwai wani gari da yara ke gudanarwa da kansu. Sunansa Mini-München, an fara shi a 1979, kuma duk bayan shekara biyu ake buɗe shi na mako uku lokacin dogon hutu. Yara 'yan shekara 7 zuwa 15 ne ke neman aiki, su karɓi albashi da kuɗin garin, su biya haraji, su zaɓi magajin gari, su kuma kwashe sharar da suka tara.

Kwashe sharar nan ne ya tsaya mini a rai. Na daɗe ina koyarwa a firamare, na sha rubuta wa ɗalibai a allo cewa almubazzaranci ba kyau. Sukan kwafa, su ci jarrabawa, ana tashi tara kuma su sha ruwan leda su yar a bakin kwata.

Wata Alhamis na shata musu gari da toka a filin makaranta. Muka yanka kwali ya zama kuɗi, aka buɗe kasuwa, aka naɗa sarkin tsafta. Randa ɗaya na ajiye wa garin gaba ɗaya, na ce ba ƙari. Kafin hantsi ya dubi ludayi, masu wankin motar kara sun ƙarar da ruwan, mai abinci ta rasa na girki, kasuwa ta tsaya. Na kame bakina. Su da kansu suka zauna, suka tsayar da moɗa biyu ga kowane gida, suka sa tara ga duk wanda ya yar da leda. Yarinyar da ta kawo shawarar ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba sai ranar.

Wasu iyaye za su ce wasa ɓata lokacin karatu ne. Ni kuwa na ga lissafi a wurin canji, na ga shawara, na ga yaro ya gane cewa abin da ya ɓarnatar rabon maƙwabcinsa ne. Ba kuma baƙon abu ba ne: 'ya'yanmu sun saba girki a gwangwani da cinikin ƙasa a matsayin gero.

Malamai 'yan uwana, toka da kwali da randa ba sa buƙatar kasafin gwamnati. A ware yini ɗaya kowane zango. Yaron da randa ta taɓa ƙafewa a hannunsa ba zai wuce famfo yana zuba bai rufe ba.