Sassarfa Ba Tsere Ba Ce: Jan Kunne Ga Masu Gudun Motsa Jiki

Duk wanda ya saba fita da sassafe a makonnin farko na zangon karatu ya san yadda filin wasa yake cika maƙil da 'yan'uwanmu ɗalibai, kowa da sabon takalmi da sabuwar niyya, ana ta zagaye ana haki. Amma in ya koma bayan mako uku, sai ya tarar fili ya zama wayam, daga 'yan ƙwallo sai wasu mutum biyar ko shida waɗanda dama can su ne masu wurin. In ka tambayi waɗanda suka gudu daga gudun, wani ya ce karatu ne ya yi yawa, wani ya ce lalaci ne ya kama shi. Ni kuwa ban yarda lalaci ne ba. Malalaci ba ya barin bargo da asuba har kwana goma a jere. Abin da ya kore su gaggawa ce, kuma a kanta nake so in yi magana.

Ni ma ta taɓa kora ta. Ran da na fara, na zagaya fili sau takwas iyakar ƙarfina, don kada wani yaro ɗan aji ɗaya da ke gabana ya ga ya fi ni. Kashegari na maimaita. Kafin mako ya cika ƙwaurina ya ɗauki zogi, hawa matakalar ɗakin karatu ya zama mini aiki, na jefa takalmin ƙarƙashin gado, bai sake ganin rana ba sai bayan wata huɗu.

Tushen abin, a ganina, shi ne mun tashi ba mu san gudu ba sai iri biyu, watau na wanda aka koro da na wanda ya yi koro. Ko a makarantar firamare, in malamin wasanni ya hura usur, abin da ake nema shi ne a ga wa zai riga. Saboda haka in baligi ya fito yana sassarfa a hankali, har mai keke ɗauke da itace yana wuce shi, sai ya ji kunya, ya ga kamar ana yi masa dariya, sai ya ƙara wuta. Alhali kuwa wannan sassarfar da yake jin kunyarta ita ce ainihin aikin, kuma ba raggaye ne suka ƙago ta ba.

Bari in ba da labarin wani mutumin ƙasar Niyuzilan mai suna Arthur Lydiard. Shi wannan mai horar da 'yan gudu ne a birnin Okland, kuma ya saɓa wa mutanen zamaninsa, domin maimakon ya riƙa tsananta wa yaransa da gajeren gudu mai ƙarfi kullum, sai ya sa su yin dogon gudu wanda bai kai ga ƙure numfashi ba, har kimanin mil 100 a mako, na tsawon watanni, sa'an nan daga baya a ɗora hawan tudu da gudun sauri. Aka yi ta yi masa kallon mai taɓin hankali, don har wanda tserensa bai wuce mita 800 ba yakan yi mil 22 ran Lahadi. To, da aka je wasannin Olamfik na birnin Rum a 1960, almajirinsa Peter Snell ya ci zinariya a mita 800, Murray Halberg ya ci a mita 5,000, duk a rana ɗaya, Barry Magee kuma ya zo na uku a gudun yada-ƙanin-wani. A Tokiyo a 1964 Snell ya haɗa mita 800 da mita 1,500 ya cinye. Daga nan bakin masu dariya ya mutu.

Abin da ya fi shafarmu kuwa shi ne Lydiard bai tsaya kan zakaru ba. A farkon shekarun 1960 ya tara magidanta masu tumbi, har da waɗanda suka taɓa ciwon zuciya, ya koya musu sassarfa a hankali. Wani mashahurin mai horarwa daga Amurka, Bill Bowerman, ya ziyarce shi a 1962, ya bi su fita, ya kasa, har wani dattijo da ya haura shekara 70 ya rage gudu don ya jira shi. Abin ya tsaya masa a rai, ya koma gida ya yaɗa al'adar, shi da wani likitan zuciya suka fitar da littafi mai suna Jogging a 1967. Sassarfar da ta game duniya daga nan ta samo asali. Daga baya kuma wani masanin motsa jiki da ke aiki a ƙasar Nowe, Stephen Seiler, ya bi diddigin yadda manyan 'yan gudu da 'yan tseren keke da na kwalekwale suke atisaye, ya tarar kimanin kashi 80 cikin 100 na fitarsu mai sauƙi ce, kashi 20 ne kawai na tsanani. To, in zakarun duniya huɗu cikin biyar na aikinsu a hankali suke yi, mene ne hujjar ɗalibin da bai fi mako biyu da farawa ba, da zai riƙa ƙure kansa kowace safiya?

Ma'aunin wannan sauƙi ba ya bukatar na'ura. In kana gudu da abokinka, kuna iya hira da cikakkun jimloli, to kana kan hanya. In kuwa magana ta koma kalma ɗaya sai haki, ka wuce gona da iri, sai ka rage, ko da ragewar ta kai ka ga tafiya. A irin wannan gudun ne zuciya take koyon tura jini mai yawa a bugu ɗaya, ƙananan hanyoyin jini su yawaita a cikin tsoka, jiki ya saba ƙona kitse.

Akwai kuma wani tarko da ya kamata mai karatu ya sani, don shi ne ya kama ni. Gaɓoɓin jiki ba tare suke sabawa da wahala ba. Zuciya da huhu sukan ƙarfafa cikin 'yan makonni, amma ƙashi da jijiyoyin da ke ɗaure tsoka da ƙashi, kamar agara, sai sun ɗauki watanni. Saboda haka a mako na uku ko na huɗu mutum yakan ji numfashinsa ya buɗe, ya ce ai na iya, ya ninka nisa, alhali ƙwauri da gwiwa ba su shirya ba. Daɗin daɗawa, ba a lokacin gudun jiki yake ƙaruwa ba, a lokacin hutu da barci ne yake gyara abin da gudu ya taɓa, ya ƙara masa ƙwari. Wanda ya hana shi ranar hutu ya hana shi gini ke nan, rushewa kawai ake yi.

Don haka ga wanda bai taɓa yi ba, fita uku a mako ta isa, da ranar hutu a tsakani. Akwai wani tsari na mako 9 wanda hukumar lafiya ta Ingila take koya wa jama'arta, mai kai mutum daga zaman kujera zuwa gudun kilomita 5 ko minti 30 ba tsayawa. Makon farko, bayan tafiya mai ɗan sauri ta minti 5, gudun daƙiƙa 60 ne kawai, sai tafiyar daƙiƙa 90, a yi ta maimaitawa har minti 20. Na san samari za su raina wannan, su ce wasan yara ne. Su yi haƙuri su gwada. Sannu ba ta hana zuwa. In an samu gindin zama, a riƙa ƙara nisa kaɗan-kaɗan, kada ƙarin mako ya wuce kamar kashi ɗaya cikin goma na makon da ya gabata, kuma kada a ƙara nisa da sauri a lokaci guda. Ciwon tsoka na kwana ɗaya ko biyu bayan fita ba abin damuwa ba ne. Amma zogin da ya tsaya wuri ɗaya a kan ƙashi, wanda kake iya nunawa da yatsa, yana ƙaruwa in ka ci gaba, wannan alamar tsagewar ƙashi ce ke tafe, a tsaya a ga likita.

Sai batun takalmi, inda kuɗin mutane ke ƙarewa. A wannan gudun na Rum da Magee ya zo na uku, wanda ya zo na ɗaya sojan Habasha ne, Abebe Bikila, ya gama kilomita 42 da mita 195 cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16, ƙafarsa ba takalmi. Ban kawo wannan don in ce a fita ƙafa-ƙafa ba. Shi ya saba tun yana yaro, kuma hanyoyinmu ba su rasa ƙusa da fasasshiyar kwalba, shi kansa ma da takalmi ya sake cinyewa a Tokiyo. Abin nufi, ƙafa ce ke gudu. Gaskiya ne akwai takalma na zamani masu kauri da faranti mai tauri a ciki, irin wanda Eliud Kipchoge na Kenya ya sa a birnin Biyana a 2019 sa'ad da ya yi wannan nisa cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40, kuma suna ƙara sauri har hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta kafa doka a 2020 cewa kaurin ƙasan takalmin tseren titi kada ya wuce milimita 40. Amma wannan ribar ta mai neman daƙiƙoƙi ce. Ɗalibin da ya zuba kuɗin abincinsa na wata biyu a kansu don zagaya fili sau shida, ya sayi sirdin sarki ne ya ɗaura wa jaki.

Abin da ake bukata shi ne takalmin da ba ya matsa, mai laushi a ƙasa, wanda ya bar sarari kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsun ƙafa da bakinsa. A gwada shi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, kuma da safar da za a yi gudu da ita. Yawancinmu a gwanjo muke saye, ba laifi, sai dai a juya shi a duba: in dunduniyar ta cinye gefe ɗaya, ko ƙasan ya taushe ya daina dawowa in an danna, to mai shi na farko ya riga ya shanye amfaninsa, don takalmin gudu yakan gaji bayan kilomita 500 zuwa 800. Kambas mai shafaffen ƙasa kuwa a bar wa 'yan fareti. Tufafi ba su da wata doka illa su zama marasa nauyi, masu barin iska ta ratsa, kuma 'yan'uwanmu mata suna iya samun wannan cikin sutura cikakkiya. Abu ɗaya nake roƙo a daina, shi ne sa rigar leda ko rigar sanyi biyu wai don a narkar da tumbi. Zufa ruwa ce, ba kitse ba. Abin da ya ragu a sikeli yana dawowa da an sha moɗa biyu.

Wannan ya kawo mu ga zafi, wanda littattafan Turawa ba su cika damuwa da shi kamar yadda ya dame mu ba. A watan Afrilu ma'aunin zafi yakan haura 40 a Sakkwato da Maiduguri da Kano, kuma wanda ya fita gudu da azahar a irin wannan rana yana wasa da ransa ne. A Doha a 2019 sai da tsakar dare aka fara gudun famfalaƙi na mata a gasar duniya, don gudun rana, duk da haka 28 cikin 68 ba su kai ƙarshe ba, kuma ƙwararru ne. Lokacinmu shi ne bayan asuba, ko in rana ta yi sanyi. Jiki yana bukatar kamar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba aiki cikin zafi, saboda haka in bazara ta shigo a rage nisa tukuna. In ka ga abokin gudunka ya fara tangaɗi ko yana maganar da ba ta da kai, a kai shi inuwa, a kwarara masa ruwan sanyi nan take, a nemi asibiti. Ruwa kuma a sha gwargwadon ƙishi, kada a ɗura don tsoro: a gudun Bostan na 2002 an auna jinin 'yan gudu 488, aka tarar kashi 13 cikin 100 gishirin jininsu ya yi ƙasa, galibi don yawan sha. Ranar da hazon hunturu ya yi kauri, mai asma ya zauna a ɗaki. Da azumi kuwa a mai da fitar bayan an sha ruwa, ko a taƙaita ta dab da magariba.

Na san akwai mai cewa, ai gudu ma yana kisa. Yakan kawo misalin Jim Fixx, Ba'amurken da littafinsa na 1977 ya sa dubban mutane sassarfa, wanda ya faɗi ya mutu yana cikin gudu a 1984 yana da shekara 52. Haka ne. Sai dai a ƙara da cewa mahaifinsa ciwon zuciya ne ya kashe shi yana da shekara 43, shi kansa ya daɗe yana shan taba kafin ya fara gudu, kuma da aka bincika gawarsa an tarar hanyoyin jinin zuciyarsa sun toshe ƙwarai. Gudu yana rage haɗarin ciwon zuciya, amma ba laya ba ne. Mai hawan jini, ko ciwon sukari, ko wanda aka taɓa yin mutuwar fuju'a a gidansu, ya ga likita kafin ya fara. Wanda ya ji nauyi a ƙirji ko jiri yana gudu ya tsaya a nan inda yake. Mu nan muna da ƙarin abu biyu. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da ƙwayar gadon sikila ba tare da ciwon ba, kuma irin wannan yana iya gudunsa lafiya, amma ƙure kai farat ɗaya cikin zafi da ƙishi ya fi yi masa haɗari. Sa'an nan zazzaɓi: kada wanda jikinsa ke da zafi ya ce zai fita ya yi zufa cutar ta fita, ya jira sai ya warke da 'yan kwanaki.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawararta ta 2020, ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, ko minti 75 na mai ƙarfi, tare da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu. Fita uku ta rabin awa ta biya kason gudun, tsallen kwaɗo da 'yan dandali kuma ba su bukatar ko kwabo. Wanda yake son shaida cewa abin yana aiki, ya ware shafi ɗaya a bayan littafin darasi, ya riƙa rubuta ranar fita da mintocin da ya yi, kuma kowace Asabar, kafin ya tashi daga shimfiɗa, ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ya ƙirga bugun minti ɗaya ya rubuta. Bayan wata uku ya gwada lambar farko da ta ƙarshe.