Waiwaye: Fitilar Cikin Mota da Tambayar Tsofaffin Masu Rewaya

A zamanin Fijo 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun daga 1975, kayan aikin mai rewaya ba su wuce sukundireba da ɗan ƙwan gwaji mai wutsiyar waya ba. Idan ka kai masa ƙorafin fitilar rufi, ba zai taɓa komai ba sai ya tambaye ka: "Alhaji, ba ta kamawa ne sam, ko sai an buɗe ƙofa take ƙi?"

Rabin aikin ke nan. Makunnin fitilar matsayi uku gare shi: kunne, kashe, da na ƙofa. Wutar batir, bolt 12, tana nan a bakin ƙwan dare da rana, ko da makulli yana aljihunka. Abin da take jira hanyar komawa ce ta jikin ƙarfen mota, kuma mai ba ta hanyar shi ne ɗan maɓallin nan da ke jikin ginshiƙin ƙofa, mai hular roba, wanda ƙofa ke dannewa in an rufe. To, idan fitila ta kama a "kunne" amma ta ƙi a "ƙofa", ƙwai da fis sun fita zargi. Kwance maɓallin ka duba: sau da yawa ƙurar hunturu ce ta haɗu da ruwan damina, tsatsa ta ci gindin sukurun. A kankare, a ɗaure, magana ta ƙare.

Idan kuwa ta ƙi ta ko'ina, a fara da ƙwan, sannan fis. A motocin Toyota da dama an rubuta masa DOME, kuma yakan riƙe agogo ma. Agogo ya mutu tare da fitila, ka san inda za ka nufa. Fis ɗin da ya sake ƙonewa nan take yana gaya maka wata waya ta goge tana taɓa ƙarfe. A nan ne wasu ke naɗa masa zaren waya ko takardar sigari mai ƙyalli. Wannan ba gyara ba ne, gayyatar gobara ce.

Wadda ta fi cuta ita ce fitilar da ba ta mutuwa, musamman ta but, tunda ba mai ganinta. Ƙwai mai wat 10 ba ya jan wutar da ta kai amfiya ɗaya, amma ya ishi ya kwantar da tsohon batir kafin mota ta yi kwana biyu a ajiye, mai ita kuma ya tafi sayen sabo a banza.

Motocin yanzu sun sa ƙwaƙwalwa tsakanin ƙofa da fitila, ita ce ke sa hasken ya dushe a hankali, wasu kuma sun ɓoye maɓallin cikin sakatar ƙofa. Sai yaran gareji suka samu abin ɗora wa laifi. Kafin ka yarda a aika kasuwar Ƙofar Ruwa ko Panteka neman wata ƙwaƙwalwar, ka sa a nuna maka ƙwan da fis ɗin a tafin hannu, a kuma buɗe ƙofofin ɗaya bayan ɗaya kana kallon alamar ƙofa a dashbod.