Tsadar Makarantar Jinya Ba Ta Ƙara wa Lasisi Daraja

Akwai wani ra'ayi da ya yi ƙarfi a Mubi da ƙananan hukumomin da ke kewaye da ita, daga Maiha da Hong zuwa Michika da Madagali, wanda ke cewa karatun jinya jari ne da ba ya faɗuwa, saboda haka duk abin da makarantar kuɗi ta yanka wa iyaye bai yi yawa ba, ko da biyansa zai kai ga kora shanu zuwa kara ko jinginar da gona. Masu wannan ra'ayi suna kafa hujja da abubuwa uku, wato cewa makaranta mai tsada ta fi ta gwamnati koyarwa, cewa nas ba ta rasa aiki, da kuma cewa takardar jinya hanya ce ta zuwa Ingila ko Saudiyya, inda albashin 'yan watanni zai mayar da duk abin da aka kashe. Kowace daga cikin hujjojin nan tana da ƙanshin gaskiya, amma an ɗora musu nauyin da ya fi ƙarfinsu, kuma idan lissafin ya rushe talaka ne ke kwana a ciki.

Abin da ke mayar da ɗaliba ma'aikaciyar jinya a Najeriya shi ne lasisi, wato izinin yin aiki, kuma hukuma ɗaya ce ke bayar da shi, Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Ƙasa, wadda aka kafa da dokar soja a 1979. Ita ke tsara manhaja, ita ke amincewa da makarantu, ita kuma ke shirya jarrabawar ƙarshe wadda ɗalibar Kwalejin Jinya da Ungozoma ta jiha da ke Yola da ɗalibar makarantar kuɗi mafi tsada suke zaunawa a kan tambayoyi iri ɗaya. Lasisin da za su karɓa ba ya ɗauke da adadin kuɗin da mahaifin kowace ya biya, haka kuma tsarin albashin ma'aikatan lafiya na gwamnati yana duba matakin takarda ne da shekarun aiki, ba ya tambayar ko ajin da aka yi karatu yana da na'urar sanyaya ɗaki. Bambancin da ke da tasiri a kan matakin albashi shi ne wanda ke tsakanin karatun kwaleji da digirin jami'a na shekara biyar, kuma ana samun kowanne a makarantun gwamnati.

To, me iyaye ke saya da wannan maƙudan kuɗi? Gurbi suke saya, domin masu neman shiga makarantun gwamnati sun ninka kujerun da ke akwai, kuma yarinyar Mubi da ta nemi Yola, mai nisan kimanin kilomita 200, ta rasa shekara biyu a jere, dole hankalin gidansu ya koma ga duk wanda ya buɗe ƙofa. Sai dai gurbin ma iri biyu ne. Hukuma tana ƙayyade wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta ɗauka gwargwadon malamanta da kayan aikinta, sa'an nan ta shigar da sunayensu cikin kundinta, abin da ɗalibai ke kira indeksin, kuma wanda sunansa bai shiga wannan kundi ba ba zai zauna jarrabawar lasisi ba ko da ya shekara uku yana sanye da farin kaya. Makarantar da ke rayuwa da kuɗin ɗalibai tana da kwaɗayin ɗibar fiye da adadinta, ta karɓi kuɗin kowa, ta bar jarrabawar share fage da ake yi bayan watannin farko ta tankaɗe ragowar, alhali kuɗin da aka biya ba ya dawowa. Ga kuma ruɗanin da ake sakawa a zukatan iyayen da ba su yi boko ba, waɗanda ba su san cewa jami'in lafiyar al'umma yana ƙarƙashin wata hukuma ce daban ba, balle su san cewa wadda ta koyi allura da ƙarin ruwa a asibitin kuɗi ba nas ba ce a idon doka, komai yawan masu kiran ta da sunan.

Hujjar inganci ita ce ta fi rauni, domin aikin jinya a gefen gadon majinyaci ake koyon sa. Ɗaliba tana zama ƙwararriya ne ranar da ta nemi jijiya a hannun yaron da gudawa ta tsotse, ta rasa, babbar nas ta kama hannunta ta nuna mata inda za ta soka, da kuma daren da ta tsaya a ɗakin haihuwa ta ga yadda ake gane mai jijjiga tun kafin ta fara, daga awon jini da kumburin ƙafa da ciwon kai. Kowane irin wannan aiki akwai littafin da ake sa wa ɗaliba hannu a ciki, shaidar cewa ta yi shi da kanta. Makarantar kuɗin da ba ta da asibiti nata mai cike da majinyata, a asibitin gwamnati take ajiye ɗalibanta, inda za su tsaya kafaɗa da kafaɗa da waɗanda suka biya kaɗan, a kan gado ɗaya, ƙarƙashin nas ɗaya da aiki ya riga ya gajiyar. Idan ɗalibai suka yi yawa a kan majinyaci guda, na gaba ne ke taɓawa, na baya kallo kawai suke yi, kuma sa hannun da aka samu da kallo ba ya hana mai haihuwa zubar jini. Tsayin bene da kyan ƙofar shiga ba su da amsar wannan matsala.

Batun aiki kuwa yana buƙatar lissafi da alƙalami. Gaskiya ne ƙasar tana ƙarancin ma'aikatan jinya, amma ƙarancin ma'aikata daban, buɗe guraben aiki daban, tun da gwamnati ba ta ɗaukar ma'aikata sai lokacin da ta ga dama, kuma yawancin sababbin nas-nas a asibitocin kuɗi suke farawa, inda mai asibiti ke yanka albashi yadda ya so. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar tun 2024 naira 70,000 ne, kuma a ƙarshen watan Yulin 2025 ƙungiyar ma'aikatan jinya da ungozoma ta ƙasa ta shiga yajin aikin gargaɗi a kan alawus da ƙarancin ma'aikata, wanda hakan ya isa ya nuna halin da masu aikin gwamnatin ma suke ciki. A ɗauki misali kawai cewa karatun ya ci naira miliyan 5, da kuɗin makaranta da na ɗakin kwana da na abinci da na jarrabawa, kuma yarinyar ta sami aiki tana iya ajiye naira 50,000 kowane wata ba fashi: sai ta yi wata 100, fiye da shekara takwas, kafin ta mayar da uwar kuɗin, alhali saniyar da aka sayar da ta haihu sau da yawa a wannan tsakani, kuma darajar naira ba ta tsaya jiran kowa ba. Asusun bashin karatu na NELFUND da aka buɗe a 2024 bai shafi ɗaliban makarantun kuɗi ba, saboda haka nauyin gaba ɗaya a wuyan gida yake. Bugu da ƙari, a 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗaga adadin ɗaliban jinya da ake ɗauka a shekara daga 28,000 zuwa 115,000, abin da ke nufin wadda ta shiga yau za ta fito cikin cunkoson masu takarda irin tata.

Saura mafarkin fita waje, wanda shi ne ainihin abin da ke sa uba ya rufe ido ya biya. Magatakardan hukumar jinya ya bayyana a farkon 2024 cewa ma'aikatan jinya kimanin 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, kuma a watan Fabrairun 2024 hukumar ta fitar da ƙa'idar cewa sai nas ta yi aikin shekara biyu kafin a tantance takardunta ga wata ƙasa, lamarin da ya jawo zanga-zanga a Abuja da Legas. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya Najeriya cikin jerin ƙasashe 55 da ta ce kada a riƙa zuwa ɗibar ma'aikatan lafiyarsu, kuma Ingila tana bin wannan jeri. A 2023 hukumar jinya ta Ingila ta soke sakamakon kusan mutum 2,000 da suka yi jarrabawarta ta kwamfuta a wata cibiya a Ibadan saboda zargin maguɗi, har da waɗanda ba su aikata komai ba. Kafin tafiya akwai jarrabawar Turanci da ta ƙwarewa da kuɗin biza, wasunsu da kuɗin waje ake biyan su, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ke tambayar tsadar makarantar da aka fito. Hanyar da takarda guda daga Abuja ko Landan ke iya toshewa ba abin da za a jinginar da gonar gado a kanta ba ne.

Masu kare makarantun kuɗi suna da magana guda mai nauyi wadda ya wajaba a saurara, cewa yarinyar da ta zauna a gida tana jiran gurbin gwamnati sau da yawa karatun ke nan ya ƙare, kuma yankin da Boko Haram ta mamaye a 2014, har ta riƙe Mubi kanta na 'yan makonni, yana da ƙishirwar ma'aikatan lafiya 'yan ƙasa masu jin Fulatanci da Gude da Fali da Margi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata kimanin 82,000 suka mutu wajen ciki da haihuwa a Najeriya a 2020, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya. Wannan ya tabbatar da darajar aikin, amma bai halatta kowane farashi ba. Makarantar kuɗi tana cancantar kuɗinta ne idan sunanta yana cikin jerin waɗanda hukuma ta amince da su, idan ta nuna adadin da aka ƙayyade mata da adadin da ta ɗiba, idan ta faɗi asibitin da ɗalibai ke aiki da sakamakonsu a jarrabawar lasisi, kuma idan gida zai iya biya har ƙarshe daga abin da yake samu ba tare da ya taɓa abin da ke ciyar da shi ba. Makarantar da ta ji haushin waɗannan tambayoyi ta riga ta ba da amsa.

Babban laifin wannan ra'ayi shi ne ya sauke wa gwamnati nauyin da yake nata. An riga an ga wata hanya a Arewa, domin shirin horar da mata ma'aikatan lafiya da Birtaniya ta tallafa daga 2012 a jihohin Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara da Yobe ya ɗauko 'yan matan karkara, ya ba su shekarar share fage don su cike darussan kimiyya, ya taimaka wa makarantun gwamnati suka sami amincewar hukuma da ƙarin gurbi. Mubi gari ne da ke da jami'ar jiha tun 2002, da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, da babban asibiti, da kasuwar shanu da ke tara wa hukuma haraji kowane mako, saboda haka Mubi ba ta da dalilin zuba ido 'ya'yanta suna sayen gurbi da dukiyar gado. Abin da ya dace wakilan yankin a majalisar jiha da shugabannin ƙananan hukumomi da masarauta su matsa a kai shi ne ƙarin guraben jinya na gwamnati a arewacin Adamawa, da ɗaukar nauyin ɗalibai bisa sharaɗin su dawo su yi aiki a asibitocin ƙauyukansu, da kuma ɗaukar su aiki idan sun gama. Kafin hakan ta samu, wajibi ne kowane uba ya nemi ganin takardar amincewar hukuma da idonsa, ya yi lissafin albashin gida ba na Ingila ba, sa'an nan ya yanke shawara.