Aikin Ofis Ma Sana'a Ce, Sai An Koya

 Ina so in ɗan faɗi ra'ayina game da wani aiki da muka raina, wato aikin akawu da kula da takardun ma'aikata. In ka tambayi 'yan ajinmu abin da suke son zama, wannan ya ce likita, wancan ya ce injiniya ko lauya. Ban taɓa jin wanda ya ce akawu ba. Ni ma dā haka nake, sai da wani abu ya faru a gidanmu a Rimaye.

Kawuna ya yi wa gwamnati aiki shekara 35, ya ajiye. Da ya tafi neman haƙƙinsa na fansho, sai aka ce ba a ga takardarsa ta fara aiki a cikin fayil ba. Ya yi ta kai da kawowa kusan shekara guda, har ya sayar da awakinsa biyu don kuɗin mota. Daga baya wani tsohon akawu ya tono takardar a cikin fayil ɗin wani mai suna irin nasa. Ba mugunta aka yi masa ba. Yaron da ya ajiye ta ne ba a koya masa ya duba lambar fayil ba, suna kawai ya duba. Tun ran nan na gane cewa abincin gida guda yana iya rataya a hannun akawu ɗaya.

To, mene ne aikin? In wasiƙa ta iso ofis, sai a buga mata hatimin ranar da ta zo, a shigar da ita cikin rajista, a sa ta a fayil ɗin da ya dace, a ba shafinta lamba. In wani ya ɗauki fayil, a rubuta sunansa da ranar da ya ɗauka. Mai kula da ma'aikata kuwa, a hannunsa takardun ɗaukar mutum aiki suke, da na tabbatar da shi, da ƙarin girma, da hutu, da canjin wurin aiki, har ranar da zai ajiye. Yau kwamfuta ta kori tafireta, amma in aka shigar mata da kuskure, kuskuren za ta riƙe. Sa'an nan ga riƙon sirri, ga iya tarbar dattijon da ya zo da ƙorafi. Waɗannan ba a allo ake koyonsu ba, sai an zauna kusa da wanda ya iya.

Mu a ƙauye mun san haka game da sauran sana'o'i. Babu uban da zai ba ɗansa keken ɗinki ya ce ya buɗe shago, sai ya fara kai shi wurin tela ya yi shekaru yana sa maɓalli. Haka maƙeri, haka bakanike. Me ya sa aikin ofis ne kaɗai muke zaton takardar shaida ta isa?

Magabatanmu ba su yi wannan zato ba. A zamanin En'e, hakimai suna da malamai masu rubuta haraji da jangali, kafin gwamnatin Alhaji Balarabe Musa ta soke su a Jihar Kaduna a 1979, lokacin Katsina tana cikinta. A 1947 aka buɗe makarantar horar da akawuna a Zariya, ita ce ta zama makarantar koyon aikin mulki ta Kongo, ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A 1971 gwamnatin tarayya ta kafa asusun horar da ma'aikata, wato ITF, wanda a 1973 ya fito da tsarin tura ɗaliban manyan makarantu ma'aikatu su koyi aiki da hannunsu. Amma wannan tsari bai sauko kan ɗan sakandare ba. A Jamus kuwa, yaro yakan gama makaranta ya shiga kamfani a matsayin mai koyon aikin ofis har shekara 3. Yana kwana uku ko huɗu na mako a wurin aiki, sauran a makarantar sana'a, ana kuma biyansa ɗan abin sawa a aljihu.

Wuraren koyo ba su yi mana ƙaranci ba. An ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, tana da ƙananan hukumomi 34, kowace da sashen kula da ma'aikatanta. Kusa da mu ga Kankia, ga Kusada, ga ofisoshin ilmi, ga asibitoci, ga manyan 'yan kasuwa masu neman wanda zai riƙe musu lissafi. Shawarata ita ce, a kowane dogon hutu makaranta ta ba ɗalibin da yake so wasiƙa zuwa ɗaya daga cikin waɗannan wurare. A haɗa shi da akawu guda mai kula da shi, a ba shi littafi yana rubuta abin da ya koya kowace rana, maigidan yana sa hannu. Wanda ya yi haka hutu biyu ko uku, in ya tafi Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman a Katsina karatun aikin ofis ko na mulki, ba zai zama baƙo ba.

Na san wasu za su ce aike da share ofis kawai za a riƙa sa yaro. Gaskiya ne hakan na iya faruwa, shi ya sa na ce a yi littafi, malami kuma ya riƙa leƙawa. Wasu za su ce fayil sirri ne, ba a ba yaro. Ai tela ma ba ya ba sabon yaro shadda ya yanka. A fara da rajistar wasiƙu, amana ta biyo baya. Wasu kuma za su ce ai sai mai uwa a gindin murhu ke samun aiki. Ban musa ba. Amma ɗan talakan da ba shi da kowa, in wani ya taɓa ganin aikinsa da idonsa, ya sami mai shaidarsa, kuma ba gwamnati kaɗai ke ɗaukar akawu ba.

Iyayenmu, don Allah in ɗanku ko 'yarku ta nuna sha'awar wannan aiki, kada ku ga kamar gazawa ce. Likitan ma albashinsa da ƙarin girmansa ta teburin akawu suke bi. Ni dai na riga na roƙi Baba, ya kuma amince, cewa a hutu mai zuwa in an gama noma na biyu zan tafi neman inda zan zauna in koya. 'Yan'uwana, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya sa mu dace, amin.

Daga wani ɗalibi ɗan Rimaye, aji biyu na babbar sakandare.