LAFTOF 'YAR SIRIRIYA: A SAKKWATO BA SIKELI KAƊAI AKE DUBAWA BA

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe, musamman iyaye da yayye masu shirin saya ma yaro laftof a wanga zangon karatu.

Yanzu duk wanda ya zo neman shawara kan kwamfuta, kalmarsa ta farko ita ce: "Silim nake so, marar nauyi." Kuma ban ga laifinsa ba. Ɗalibin da zai fito daga Ƙofar Marke da safe ya hau kabu-kabu, ya nufi Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo can wajen Dundaye, jaka na rataye a bayansa tun safe har la'asar, shi ya san mi ake kira nauyi. Haka ɗalibar da ke zuwa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, ko ɗan jarida mai yawon neman labari. Sai dai ra'ayina shi ne, a garin nan rashin nauyi shi ne abu na huɗu da za a duba. Akwai uku a gabansa: shekarun na'urar, batirinta, da ko za ta gyaru a hannun masu gyaranmu.

Kuɗin ba na wasa ba ne, shi ya sa nake maganar. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Cikin 2024 ta haye 1,500. Kowace laftof daga waje take zuwa, sabuwa ko tokumbo, don haka farashinta ya bi dala. Uba na sayar da rago, uwa na kwasar adashe, don a saya ma yaro guda ɗaya da ake fatan ta kai shi har ƙarshen karatu. Kuma ba ado ba ne, ta zama dole. JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, WAEC ta soma gwada jarrabawar kwamfuta ga masu zaman kansu a 2024, ga shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 don koyar da matasa sana'o'in fasaha. Wanda anka cuta a sayen farko, da wuya ya samu kuɗin na biyu.

SHEKARUN NA'URA

Ga labarin da yawancin masu saye ba su ji ba. Ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10. An ba da ƙarin wa'adi na shekara ɗaya ga wanda ya yi rajista, daga nan shike nan, babu sauran gyaran tsaro. Ita kuma Windows 11 ba kowace na'ura take karɓa ba. A ɓangaren Intel, sai furosesa zubi na 8 zuwa sama, wato abin da 'yan kasuwa ke ce ma janareshan.

To ina kuke jin kwamfutocin da ofisoshin Turai da Amurka sunka ajiye saboda wagga doka za su tafi? Nan za su zo. Su sauka Legas, su bi ta kasuwar kwamfuta ta Ikeja, su iso Kano da Sakkwato, a goge su da mai su yi ta ƙyalli. Da yawansu sirara ne, masu kyan gani, jikin ƙarfe. Kyan ɗan maciji ke nan.

Gane su ba wuya. Kar ka tsaya ga ɗan lambar da anka manna mai cewa i5 ko i7. Ka ce a buɗe maka bayanin na'urar ka ga cikakken sunan furosesa. In ka ga i5-8250U, lambar farko bayan ɗan layin ita ce 8, zubi na 8 ke nan. In ka ga i7-6600U, zubi na 6 ne, ta wuce. In ka ga 10 ko 11 a farko, kamar i5-10210U ko i5-1135G7, wannan ta fi sabunta. Kuma a sani, i5 zubi na 8 ta fi i7 zubi na 7 ƙarfi a irin waɗanga sirara, don ta farkon ƙwaƙwalwa huɗu gare ta, ta biyun biyu kacal. Mutane da yawa na ƙara kuɗi don jin "i7", su koma gida da tsohuwa.

Wani zai ce ai ya ga Windows 11 a kanta da idonsa. Ana iya cusa ta da dabara a kan na'urar da ba ta cancanta ba, kuma ana yi. Lambar furosesa ce shaida, ba hoton da ke kan allo ba.

BATIR DA WUTA

Masu tallar laftof a ƙasashen waje suna rubutu ne don mutumin da ke da soket a ofis, a gida, har cikin jirgin ƙasa. Mu kuwa mun tuna Oktoban 2024, lokacin da layukan da ke kawo ma Arewa wuta sunka lalace, jihohi da dama har da tamu sunka kwashe fiye da mako cikin duhu, ana layi wurin masu caji. Janareto ma tun da anka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 ya zama sai wane da wane. Laftof ɗin da ba ta riƙe caji, ko nauyinta bai kai na littafi ba, kaya ce kawai kake ɗauka.

Don haka kar ka yarda da "tana awa biyar" ta baki. A kan Windows akwai umarnin da ake bugawa, powercfg /batteryreport, zai fito maka da lamba biyu: ƙarfin da anka ƙera batirin da shi, da abin da ya rage masa yanzu. In saura rabi, ka san sabon batir na jiranka, sai a cire kuɗinsa daga ciniki. Mai shagon da ya hana ka dubawa ya riga ya ba ka amsa.

Abu na biyu, ka nemi wadda ake iya yi ma caji ta ƙaramar kafar USB-C, irin ta wayoyin yanzu. A ganina wannan ya fi sirantaka amfani nesa ba kusa ba. Cajarta ƙarama ce, wat 45 ko 65, kuma ita za ta caja maka waya. Fawa bank mai ƙarfin fitar da wat 65, mai ɗaukar 20,000mAh, zai iya cika ta kusan sau ɗaya. Ƙaramin sola ma ya ishe ta. Amma a kula, ba kowace kafar USB-C ke karɓar caji ba, wasu na tura fayil ne kawai. A soka a gabanka ka ga ta kama.

Kuma in za a auna nauyi, a auna har da caja. Yara maza na son manyan nan na wasan gem masu fitilu. Irinsu kan haye kilo 2, cajarsu kamar bulo, ga shan wuta kamar me. In ba aikin haɗa bidiyo ko zanen gini mai nauyi za a yi ba, wahala ce anka saya da tsada. Harafin U a ƙarshen sunan furosesa alamar mai tattalin wuta ce, H kuwa ta mai ƙarfi da ci.

ZAFI DA ƘURA

Kamfanin Apple da kansa ya ce a yi amfani da MacBook a wurin da zafinsa ke tsakanin digiri 10 zuwa 35. Mu a Afrilu da Mayu muna haye 40, a inuwa ma. Siririyar na'ura ba ta da wurin da iska zai zagaya, fankarta ƙarama ce, ramukan shan iskarta ƙanana. In ta yi zafi sai ta rage gudu da kanta don kar ta ƙone, ka ga sabuwar kwamfuta na jan ƙafa. Batir ma zafi ne babban maƙiyinsa. Shi ke sa shi kumbura har ya ɗaga wurin da ake jan yatsa, ko ya buɗe bakin murfin ƙasa. In ka ga haka a shago, ajiye ta. In taka ce ta gida, daina caji ka kai a cire shi, don yana iya kamawa da wuta.

In hunturu ya shigo kuma ƙura ce za ta toshe fanka. Wanda ya ɗora laftof kan katifa ko darduma yana aiki, ya toshe mata hanci da hannunsa. A samu ko faranti ne a ɗora. Sau ɗaya a shekara, bayan hazo ya wuce, a kai a buɗe a share.

GYARA

Nan ne sirantaka ke cin mutum. Don a rage kauri, kamfanoni na liƙe ram a jikin bod da dalma, ba ya cirewa, ba ya ƙaruwa. Haka ThinkPad X1 Carbon take, haka Dell XPS 13. MacBook Air kuwa har ma'ajiyar fayil a liƙe take. Ka saye ta da ram 8, da shi za ta mutu. In wani abu ya ƙone a bod, ba ɗan guntu za a canza ba, sai bod gaba ɗaya, kuma sai an yi oda daga Kano ko Legas. Yaro na tsakiyar rubuta furojet, a ce ya jira mako biyu.

Ku kwatanta da irin na ma'aikata da sunka fito wajen 2018: ThinkPad T480, HP EliteBook 840 G5, Dell Latitude 7490. Galibinsu zubi na 8 ne, allo inci 14, nauyinsu tsakanin kilo 1.4 da 1.6. Ana kwance ƙusa a ƙara ram, a canza SSD, a canza batir, kuma da yake an shigo da su da yawa, kayan gyaransu ba su da wuyar samu. X1 Carbon tana wajen kilo 1.1. Bambancinta da waɗanga bai wuce giram 500 ba, wato nauyin ledar fiya wata guda. A kan ledar ruwa ɗaya za ka ƙara kuɗi, kuma ka rasa damar gyara?

Ba na cewa MacBook Air ba ta da kyau. Mai M1 ɗin nan da ta fito a Nuwamban 2020, kilo 1.29, batirinta na kai mutum wuni, kuma ba ta da fanka sam, ƙura ba ta da abin toshewa. Ga mai hali wanda aikinsa rubutu da bincike ne, ta yi. Amma abu biyu. In tokumbo ce, a tabbatar mai ita na farko ya cire asusunsa na iCloud, kuma ba a ɗaure take da wani kamfani ko makaranta ta waje ba, in ba haka ba wata rana za ta kulle, babu mai buɗe ta a nan. Sannan ɗalibi ya tambayi sashensu tukuna, don akwai manhajoji kamar ArcGIS Pro da Revit da Windows kaɗai suke hawa. Masu Windows ɗin ma a shiga BIOS a gani ko an sa mata mabuɗin sirri.

Sai kuma waɗanda nake roƙon a guje ma gaba ɗaya: sababbi dal a kwali, sirara, masu araha, furosesa Celeron, ram 4, ma'ajiya 32 ko 64 ta eMMC. Windows kaɗai za ta cinye wurin. Wata uku yaro ya soma kuka. Araha ba ta ado. Wagga maganar har da masu rabon kwamfutoci ga matasa da sunan tallafi: in za a yi, a yi mai amfani, a tambayi masana kafin a ba da kwangila. Kwali ya yi kyau a hoto, amma yaron da ya karɓa shi zai zauna da abin da ke ciki.

TO WACE ZA A SAYA?

Ga ɗalibi ko ma'aikaci a Sakkwato, ni abin da zan ce: inci 13 ko 14, nauyi kar ya wuce kilo 1.6, i5 zubi na 8 zuwa sama ko takwararta ta Ryzen, ram 8 da ake iya ƙarawa zuwa 16, SSD 256 ko fiye, caji ta USB-C, batir da ka duba da idonka. In kuɗi sun kai ga zubi na 10 ko 11, ya fi, don na 8 ma shekarunta sun fara ja. In dole sai mai liƙaƙƙen ram kake so, to kar ta gaza 16.

Ranar saye ka je da wanda ya sani. Ka danna kowane maɓalli, ka gwada kyamara da lasifika da kowace kafa, ka buɗe ka rufe ka ji ko ƙyauren na ƙara. Ka fita da ita bakin shago ka ga ko allon na ganuwa cikin rana. Ka bar ta ta yi aiki ko minti 20 ne ka taɓa ƙasanta. Ka karɓi rasit mai lambar na'urar, da kwanakin garanti a rubuce. Wannan kariya ce gare ka ko da kayan sata ne ya biyo.

'Yan kasuwarmu kuma, da yawanku mutanen kirki ne, mun sani. Ku faɗa ma mai saye zubin na'ura da halin batirinta tun bai tambaya ba. Uban da ya sayar da rago bai san bambancin 6 da 8 ba, ku kun sani, kuma amana ce.

Masu gyara da ke cikinmu, in akwai abin da kuke yawan gani a teburinku ku ƙara mana. Allah ya sa albarka a abin da za a saya, ya ba yaranmu ilimi mai amfani.